Mai Ciwon Sukari, Kada Ka Jira Ciwon Hannu Ya Nuna

Jama'a, mafi yawanmu mun sha jin gargaɗin da ake yi wa masu ciwon sukari a kan ƙafa. Ana ce musu kada su yi yawo ba takalmi, su riƙa duba tsakanin yatsu, kuma kada su raina gyambo kome ƙanƙantarsa. Wannan gargaɗi gaskiya ne, a ci gaba da yin sa. Sai dai an bar hannu a baya, alhali kuwa da shi ake noma, da shi ake tuƙa tuwo, da shi ake ɗinki da alwala da ƙirga kuɗin ciniki. Ƙafa tana samun takalmi ya kare ta, hannu kuwa tsirara yake wuni cikin ƙaya da wuƙa da wuta. Saboda haka aka rubuta wannan takarda, domin mai ciwon sukari da iyalinsa su san cewa abin da ake yi wa ƙurjin hannun mai lafiya, wato a bar shi ya nuna ya fashe don kansa, shi ne abin da ke raba mai sukari da yatsansa, wani lokaci da hannun ɗungum, wani lokaci ma da ransa.

Wannan ba sabon labari ba ne ga likitoci. Tun cikin 1984 likitoci a Ibadan suka rubuta rahoto a kan masu ciwon sukari waɗanda ɗan ƙaramin rauni a hannu ya zame musu ruɓa. Daga baya aka ga irin wannan a Tanzaniya da Sudan da Indiya, har likitoci suka ware shi a matsayin ciwon hannun masu sukari na ƙasashe masu zafi. A 2002 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta buga bayanin majinyatan da aka gani a birnin Darussalam na Tanzaniya. Abin da aka tarar shi ne ciwon kan faro daga abin da ba a ɗauka a bakin kome ba, kamar ƙwarzane ko cizon ƙwaro ko susa, sannan majinyaci ya tsaya yana magani a gida ko wurin mai maganin gargajiya, bai isa asibiti ba sai hannu ya lalace. Wasu aka yanke musu yatsu, wasu hannu, wasu suka rasu. Wanda ya san yadda muke yi da ciwo a garuruwanmu zai ji kamar labarin unguwarsu ake ba shi.

To, me ya bambanta hannun mai sukari da na sauran mutane? Allah ya sanya wa jinin ɗan Adam fararen ƙwayoyi waɗanda aikinsu shi ne su garzaya inda ƙwayoyin cuta suka shiga, su kewaye su, su cinye su. Idan sukari ya yi yawa a jini ya daɗe, waɗannan fararen ƙwayoyi sai su yi sanyi: ba su isa wurin da wuri, in sun isa kuma ba su da ƙarfin kisa. Bayan wannan, sukarin da ya shekara yana hawa yana lalata ƙananan hanyoyin jini, abinci da iska ba su isa ga nama yadda ya kamata, rauni ya ƙi haɗewa. Yana kuma lalata jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Shi ya sa za ka ji mai sukari yana cewa yatsunsa sun yi masa dundum, ko yana jin kamar ana tsira masa allura, ko ya ɗauki murfin tukunya mai zafi bai ji ba sai ya ga bororo. Zafin ciwo rahama ne, shi ke sa mutum ya janye hannu ya nemi magani. Wanda aka rage masa shi, ciwo kan yi nisa a jikinsa yana zaune yana hira.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a riƙe da kyau. Sukari yana ƙarfafa ciwon, ciwon kuma yana tayar da sukari. Duk sa'ad da ƙwayoyin cuta suka kama jiki, jiki yakan saki waɗansu sinadarai da ke ƙara sukari a jini, ko da mutum bai ci kome ba. Sai ka ga majinyaci ya daina cin abinci saboda zazzaɓi, ya ce tunda ban ci ba bari in ajiye maganin sukarin. Nan ne kuskure mai kisa yake. Sukari ya haura, ƙishirwa da yawan fitsari su ƙaru, amai ya biyo, numfashi ya yi zurfi, mutum ya fara sambatu, daga nan sai suma. Mai amfani da allurar insulin kada ya kuskura ya daina don ba ya cin abinci; ya nemi likita ya gaya masa yadda zai daidaita ta.

Yanzu bari mu duba yadda aka halicci hannun kansa, domin a nan ne hatsarin yake ɓoye. Tsokar kan yatsa, wadda muke taɓa abu da ita, a rarrabe take ƙananan ɗakuna masu bango mai tauri, manne da ƙashi. Idan mugunya ta taru a ciki ba ta da wurin buɗawa, sai ta matse hanyoyin jinin da ke ciyar da ƙashin kan yatsa. Wannan shi ne ɗan karkare, mai zogin nan da ke hana barci, wanda kan sa babban mutum ya kwana riƙe da yatsa sama. In aka bar shi, ƙashin kan mutu. Can ciki kuma akwai jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsu, kowace tana gudana cikin wani siririn kube, kamar yadda zariya ke gudana cikin ƙubakar wando. Idan mugunya ta faɗa cikin wannan kube ta sami hanya miƙaƙƙiya, cikin kwana ɗaya ko biyu tana iya lalata jijiyar, yatsa ya sandare har abada. Na babban yatsa da na ƙaramin yatsa sun fi muni, domin kubensu ya zarce har wuyan hannu, kuma ga mutane da yawa suna haɗuwa a can. Ciwon da ya fara a ƙaramin yatsa yana iya zagayowa ya fito a babban yatsa, ko ya haura zuwa damtse.

Wani likitan fiɗa na birnin Shikago a Amurka, Allen Kanavel, ya wallafa littafi a kan cututtukan hannu a 1912, kuma har gobe ana koya wa ɗaliban likita alamomi huɗu da ke ɗauke da sunansa. Yatsa ya kumbura gaba ɗaya tun daga gindi har kai. Ya ɗan lanƙwashe, mai shi ba ya son miƙe shi. In wani ya gwada miƙe masa sai ya yi ƙara. In aka danna ta cikin yatsan, bin tsawonsa, akwai zafi. Ba sai ka yi karatun likita za ka gane waɗannan ba. Duk wanda ya gan su a hannun mai sukari, ya sani aikin fiɗa ne na wannan yini, ba na gobe ba.

Ga wani abin da ke ruɗin mutane. Fatar tafin hannu kauri gare ta, kuma a ɗaure take, ta bayan hannu kuwa sakwa-sakwa ce. Saboda haka mugunya tana iya kasancewa can cikin tafi, amma kumburin ya bayyana a bayan hannu. Wanda bai sani ba sai ya tsaga inda ya ga tudu, jini ya fito, mugunya tana nan inda take, ga kuma sabuwar ƙofa an buɗe wa ƙwayoyin cuta.

Ta ina ciwon yake shiga? Ta hanyoyin da muka saba da su har ba mu ganinsu. Manomi da ƙaya da karangiya da kaifin lauje. Mai faskare da sartse. Uwargida da wuƙar yankan albasa, da ƙayar kifi, da fantsamar mai. Tela da allura, makanike da tsinin waya, mahauci da tsagin ƙashi. Ranar Babbar Sallah ma kowa mahauci ne, har dattijon da ya shekara goma yana shan maganin sukari sai ka gan shi ya naɗe hannun riga yana fiɗa. Matan da ke wuni da hannu cikin ruwan wanki da wanke-wanke kuwa, gefen farcensu kan yi laushi ya ɗago, ya yi ja, ya riƙa fitar da 'yar mugunya wata da watanni. Ga yankan farce a bakin kasuwa da almakashin da ya bi hannu hamsin, mai yankan kuma yana sassaƙe gefe har ya taɓa nama don a ce ya iya aiki. Ga masu cizge 'yar fatar gefen farce da haƙori, alhali bakin ɗan Adam cike yake da ƙwayoyin cuta masu muni. Da hunturu fata kan bushe ta tsage. Har ɓera yakan ci yatsan mai sukari cikin dare, musamman in ya kwanta bai wanke hannu ba bayan tuwo, shi kuwa bai ji ba sai da safe ya ga jini a tabarma.

Raina kama ka ga gayya. Bari mu kwatanta yadda abin ke gudana a gidaje da yawa. A ce ƙayar kifi ta soki wata dattijuwa mai sukari ranar Asabar. Ta tsotse wurin ta ci gaba da aiki. Ranar Litinin yatsa ya fara zogi. Maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Ayya Inna, ai ɗan karkare ne, a huda lemun tsami ki zura yatsan." Aka yi. Laraba hannu ya haye. Ɗanta ya ce, "Inna, mu je asibiti." Kawunsa ya ce, "Kai yaro, ba ka san irin wannan ciwo ba ya son allura ba? Bari ya nuna." Aka je kemis aka sayo kafso guda huɗu, aka sha biyu, aka farke biyu aka barbaɗa. Aka jiƙa kanwa, aka ɗaure da tsumma. Juma'a aka kira wanzami ya yi sakiya. Da wari ya fara tashi sai wata ta ce wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne, jifa ne, aka koma neman mai karya sammu. Ranar da aka ɗauke ta ranga-ranga zuwa asibiti, mako biyu sun wuce, yatsu biyu sun yi baƙi. Likita ya ce sai an yanke. Daga nan labari ya bazu cikin unguwa cewa asibiti ba su iya kome ba sai yanka, wanda zai biyo baya kuma ya ƙara jin tsoron zuwa.

A duba wannan labari da idon basira, a ga inda aka yi hasarar yatsun. Tsakanin Litinin da Laraba aka yi ta. Duk waɗanda suka ba da shawara masoyanta ne, ba wanda ya nufe ta da sharri, kuma wataƙila kowannensu ya taɓa ganin wanda lemun tsami ya yi wa rana. Amma wancan ba shi da sukari, jikinsa ne ya yi yaƙin ya ci nasara, lemu ya karɓi yabo. Akwai ma waɗanda ke tsoma yatsa cikin fetur ko ruwan batir ko tafasasshen ruwa. Waɗannan ƙona nama suke yi, mataccen nama kuwa shi ne abincin ƙwayoyin cuta. Zancen cewa akwai ciwon hannun da ba ya son allura ba shi da tushe. Abin da ke faruwa shi ne ana kai mutum a makare, a yi masa allura, ya rasu, sai a ɗora wa allura laifin jinkiri. Su kuma wanzamai, sana'arsu tsohuwa ce mai daraja, ba a raina ta. Roƙon da ake yi musu shi ne kafin su ɗora aska a hannun kowa su tambaya, "Malam, kana da sukari?" In ya ce e, ko ya ce bai sani ba amma yana yawan fitsari da ƙishirwa, su ce masa wannan ba namu ba ne. Haka ma masu kemis. Sayar da kafso huɗu ga mai kumburarren hannu ba taimako ba ne, domin maganin sha ba ya ratsa mugunyar da ta taru, sai an buɗe an fitar da ita.

Ga abin da ya kamata a yi. Da zarar mai sukari ya ji rauni a hannu, kome ƙanƙantarsa, ya wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, ya zuba ruwan sosai. In akwai ƙaya ko sartse a waje-waje ya zare, in ta nutse kada ya haƙa da allura ko reza. Ya rufe da bandeji mai tsabta. Ya cire zobe da awarwaro da agogo tun hannu bai kumbura ba, don zobe a kumburarren yatsa yana datse jini. Ya gwada sukarinsa in yana da abin gwaji. Sannan ya riƙa buɗewa yana dubawa safe da yamma, da ido, kada ya dogara da jin zafi. In raunin mai zurfi ne, ko cizo ne na mutum ko dabba, ko ƙarfe mai tsatsa, ba sai ya jira kome ba, ya tafi a duba, a kuma yi masa allurar tetanus in ana bukata. In kuwa ƙarami ne amma gari ya waye wurin ya ƙara ja, ko ya kumbura, ko ya yi ɗumi, ko yana zogi, to ranar ce ranar asibiti. Ya rataye hannun a ƙirji, sama da saitin zuciya, kada ya bar shi yana lilo.

Akwai alamomin da ba su jiran wayewar gari: jan layi yana haurawa damtse, kaluluwa a hammata, zazzaɓi da rawar sanyi, bororo mai ruwa baƙi-baƙi, fata ta sauya launi ta yi duhu, wari, ko kumburin da ake ganin ƙaruwarsa cikin sa'o'i, ko zafin da ya fi ƙarfin abin da ido ke gani. Ko tsakar dare ne a nemi mota. A lura kuma, tsoho mai sukari yana iya ɗauke da ciwo mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba. Rashin zazzaɓi ba shaidar sauƙi ba ce. Da isa asibiti, kalmar farko da za a gaya wa ma'aikaci ita ce, "Yana da ciwon sukari." In ƙaramin asibiti ne suka ce a wuce gaba, a wuce a ranar, kada a koma gida shawara. Manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Asibitin Ƙashi na Dala, da asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da na koyarwa a Sakkwato da Maiduguri, da manyan asibitocin Yamai da Damagaram, suna da likitocin fiɗa.

Me za a yi a can? Za a gwada jini, wataƙila a ɗauki hoton hannu a ga ko ciwon ya taɓa ƙashi. Za a sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. In akwai mugunya za a kashe zafin wurin ko a sa barci, a tsaga daidai inda take, a wanke, a cire mataccen nama. Sau da yawa ba a ɗinkewa, a buɗe ake bari ana wankewa kullum, wani lokaci a koma ɗakin fiɗa sau biyu ko uku. Kada dangi su ɗauka an kasa ne. Haka aikin yake. Galibi kuma za a mayar da majinyaci kan allurar insulin ko da ƙwaya yake sha a da, domin ita ta fi saurin sauko da sukari a irin wannan hali. Mutane na tsoronta, suna cewa wanda aka fara wa ita ya kusa. Insulin sinadari ne da jikin kowa ke yi, an gano shi a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, aka fara yi wa majinyaci a 1922, kuma da yawa daga masu shan ƙwaya sukan koma kan ƙwayarsu bayan hannu ya warke. Likita ba ya murna da yanke yatsa. Yakan yanke abin da ya riga ya mutu ne don ya tsirar da sauran. Batun kuɗi kuwa, gaskiya ne asibiti da tsada, ba mai musun wannan. Amma kuɗin tsaga yatsa ɗaya a rana ta biyu bai kama ƙafar kuɗin kwanciyar wata guda ba, balle a zo ga magidancin da ya koma gida ba hannun riƙe fartanya.

Wani zai ce, ni ai ba ni da sukari, wannan ba tawa ba ce. Ka gwada? Ƙungiyar ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya kimanin miliyan 24 ne ke da ciwon a yankin Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba. Mutane da yawa a kan ciwon hannu ko ƙafa ake fara gano nasu. Don haka duk wanda ƙurji ko maruru ke yawan fito masa, ko rauni ya ƙi warkewa, ko ɗan karkare ya yi masa tsanani fiye da kima, ya nemi gwaji. Digon jini ɗaya ne. In an gwada da safe kafin a ci kome aka sami 7.0 ko fiye, a wani ma'aunin kuma 126, a Nijar su ce giram 1.26, to alamar ciwon ce, sai a maimaita a tabbatar. Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce ranar ciwon sukari ta duniya, kuma a wurare da dama akan yi gwaji kyauta a lokacin.

Tsare hannu ba wuya gare shi ba. Babban abu shi ne riƙe sukari da magani da kula da abinci, don hannun da sukarinsa ke daidai ya fi jure rauni. Mai sukari ya mallaki abin yankan farcensa shi kaɗai, ya yanke a miƙe, kada ya bi kusurwa. In idonsa ya raunana ɗa ko jika ya yanke masa. Ya shafa man kaɗanya ko basilin da hunturu. Ya sa safar hannu in zai shiga ƙaya ko aikin ƙarfe, ya riƙe tukunya da tsumma, ya bar wa samari fiɗar layya. Mai huda yatsa don gwajin sukari ya wanke hannu tukuna, ya huda gefen yatsa, ya riƙa sauya yatsu, kuma kada ya yi tarayya da kowa a tsinken hudawa. Mata kuma a yi hattara da lalle: ado ne mai kyau, amma yana ɓoye jan fata da baƙinta, don haka kada a ƙunsa hannun da ke da rauni, likita yana bukatar ganin launin fatar. In ciwon ya zo cikin watan azumi, a tuna addini ya yi wa marar lafiya rangwame. A tambayi likita a tambayi malami, kada a jinkirta magani zuwa bayan Sallah.

Bayan an sallamo mutum daga asibiti saura aiki guda, wanda akan yi sakaci da shi. Hannun da ya daɗe a naɗe yakan sandare, mai sukari kuwa gaɓoɓinsa sun fi saurin ƙagewa. Ma'aikatan gashi da motsa jiki za su nuna masa yadda zai riƙa dunƙulewa da buɗewa, da taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa, sau da yawa a yini, ko da akwai ɗan zafi. Iyali su tsaya masa a kan wannan, su kuma tabbata ya shanye maganin da aka rubuta har ƙarshe, ya koma ranar da aka ce ya koma, ko da ya ga bakin ciwon ya rufe.